Za A Biya

Ni dai tun ina yaro ba a taɓa zargina da yawan wayo ba, amma wautar da na tafka a shekarar da dimokuraɗiyya ta shigo ƙasarmu, ko ni kaina in na tuna sai na gyara zaman hula. Na manta abubuwa da yawa, har sunayen wasu jikokina sai an tuna mini. Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba shi ne ranar da na tsaya tsakiyar gonar ubanmu sanye da kwat, ina jiran Fulani su biya ni haya.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga Abijan ba. Na yi shekaru can ina gadi, na dawo ƙauyenmu da ke tsakanin Cadawa da Agiye da akwati ɗaya, da rediyo, da wannan kwat ɗin, da surutu mai yawa. Aikin gadin da na fi daɗewa a kai shi ne a wani fili inda Turawa masu gina hanya suke zaune cikin gidaje masu taya. Gida ne sosai, da gado da madafa da taga, amma in aiki ya matsa gaba sai a ɗaura shi bayan mota a ja. Mai filin wani tsoho ne da ba ya aikin komai. Ya ja ruwa, ya kewaye wurin da waya, ya ɗauke ni gadi, shi ke nan. Duk ƙarshen wata sai ya zo da jakarsa ya karɓa, ya tafi yana sakace haƙori. Na daɗe ina kallon tsohon nan ina cewa a raina, wannan shi ne ya gane duniya.

Da na dawo gida sai na tarar duk ƙasar ta zama baki. Ana babban taro a Yamai, mu kuma muna ƙarƙashin itacen bedi a bakin kasuwa muna bin sa ta rediyona. (Batir kuwa karo-karo ake yi, kuma wanda bai ba da ba shi ya fi kowa sharhi.) Wanda jiya ba ya iya ɗaga ido gaban jandarma, yau shi ne ke faɗin yadda ya kamata a tsara ƙasa. Kowa yana da jam'iyya, kowa yana da furoje, wato wani shirin aiki da zai kawo kuɗi da ci gaba. Kai, zamani ne mai daɗi. Babu kuɗi, malaman lakol, wato makarantar boko, suna wata da watanni ba albashi, amma ban taɓa ganin lokacin da mutane suka yarda gobe za ta fi yau kamar lokacin ba. Ni ma na yarda, har na zarce.

Wata rana da yamma ina zaune bakin gonarmu, wadda burtali ya bi ta gefenta, sai ga wasu Fulani suna wucewa. Takarkari a gaba, an ɗaura masa tabarmi da sanduna da ƙafafun gado, ƙore a cikin raga suna lilo, wata tsohuwa bisa jaki da ɗan maraƙi a cinya. Sai na ji kamar an taɓa ni a ƙeya. Ashe mu ma muna da masu gida mai tafiya tun kafin Bature ya san taya! Abin da ya rage kawai a samu mai hankali ya kewaye musu fili, ya ba su ruwa, ya riƙa zuwa da jaka duk ƙarshen wata. Mai hankalin kuwa na dube shi sama da ƙasa, ni ne.

Na fara kai maganar wurin mushen lakol ɗinmu (haka muke kiran malamin makaranta), tunda yajin aiki suke, yana da lokaci. (Ni lakol shekara biyu na yi, abin da na fito da shi bai wuce ƙirga da faransanci zuwa ashirin ba, sai tabon bulala.) Ya saurare ni har ƙarshe bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce ba a fara furoje sai an yi abin da ake kira etid, wato ka bi mutanen da kake sa ran za su zo, ka tambaye su ko suna so, kuma ko za a samu biya. Kalmar nan ta yi mini daɗi a baki. Kwana biyu ko matata Habsu ta tambaye ni ina za ni, sai in ce etid.

Sai dai gonar ba tawa ce ni kaɗai ba. Tun rasuwar Baba, yayana Isuhu ke riƙe da gida, shi ke riƙe da rumbun da mu duka muke ci daga ciki, matansa da 'ya'yansa da ni da nawa. Yaya mutum ne da maganarsa ta yini ba ta cika tafin hannu ba. Don a yashe tsohuwar rijiyar gonar, a kuma yi shinge, dole sai an taɓa geron rumbun nan, geron da aka auna zai kai mu wata kaka da ƙyar. Da na zayyana masa, ya daɗe yana gyaran ƙotar hauyarsa, sannan ya ce tun zamanin Baba mu ne ke ba Bafillace dame don ya sauka gonarmu, shanunsa su zuba mana taki.

Na san da haka mana. Da hannuna na sha kai musu damen ina yaro. Amma na ce masa wancan zamanin soja ne, yanzu komai ya canja, kuma Baba bai taɓa ba su rijiya da shinge ba. Na yi masa alkawarin duk abin da aka ɗiba daga rumbu zai koma ninki kafin bazara. Ya ce in je in ji daga bakinsu tukuna.

Haka na hau keken aro na shiga etid. Na ci kasuwar Cadawa, na ci ta Agiye, na je Gazawa, har Sae Sabuwa na leƙa inda ƙanwar Habsu ke aure. Duk inda na hangi malafa da sanda sai in sayi goro in matsa. A Cadawa aka haɗa ni da Ardo Buba, wani dogon dattijo mai ɗan gemu, wanda aka ce in ya sauka wuri to rugage da yawa na bayansa. Muka zauna gefen masu nono, na kwatanta masa komai: ruwa a kusa, ƙaya ta kewaye don kada shanu su faɗa gonar wani, kowace bukka da wurinta.

To, ga inda na yanka kaina. Ka san mu ba ma duban dattijo ido cikin ido mu ce masa "ka biya ni". Baki ba ya ɗauka. Sai na sunkuyar da kai, na ɗan murza goro, na ce, "Amma fa Ardo, abin na zamani ne. Duk ƙarshen wata za a biya."

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce duk wata, ba sau ɗaya a shekara ba? Na ce duk wata. Ya tambaya da kuɗi ne ko da hatsi, na ce duk wanda ya sauƙaƙa, amma hatsi ya fi mini. Sai ya ce gwargwadon bukka za a auna ko gwargwadon shanu? Na yi saurin cewa ai mai shanu da yawa nasa ya fi yawa, adalci ke nan. Ardo ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce, "Kaɗo, ashe dimokuraɗiyyar nan da ake faɗi gaskiya ce."

Da ina da hankali ko na ɗan tsako, da a nan na tsaya. Tun da nake ban taɓa ganin wanda aka ce zai biya ya yi murna ba, balle mai shanu, wanda kan tamma guda sai ya yini yana ciniki. Amma duk inda na je haka aka karɓe ni. Wani ya tambaya ko zai iya zuwa da surukansa. A Gazawa wani tsoho mai ido ɗaya ya ce shi garkensa babba ne, dame ɗaya a wata ya yi kaɗan, sai dai biyu. Na ce na yarda, na ma yaba masa da tsoron Allah. Na dawo gida ina taka keke kamar iska na tura ni, na ce wa Yaya ba wanda ya nemi ragi, wani ma da kansa ya ƙara. Yaya ya ce, "Bafillace ya ƙara ma kanshi?" Na ce da kunnena na ji. Ya dube ni, ya dubi rumbu, ya ce a ɗiba.

Da yake an riga an cire amfanin gona, muka shiga aiki. Aka yashe rijiya, aka ja ƙaya, na bi da toka na zana layi-layi kamar unguwar Turawa, har da hanya a tsakiya. Mushe ya rubuta mini allo da faransanci na kafa a bakin burtali, don mutanen da ko ɗaya cikinsu ba ya karanta faransanci. Na zana saniya a ƙasan rubutun da kaina. Habsu ta zo ta gani ta ce karen ya yi kyau.

Suka zo kuwa. Wallahi suka zo. Da hantsi aka fara hango su, kafin la'asar gonar Baba ta cika ta batse. Layin tokar da na wahala a kansa bai kai magariba ba, don matan ne ke kafa bukka kuma ba wadda ta tambaye ni, kowace ta dubi gabas ta dubi inda uwar mijinta ta sauka ta kafa nata. Ban damu ba. Watan nan na yi shi kamar sabon ango. Kullum da safe sai in zaga da hannu a baya, ana "Kaɗo ya zo", ana miƙo mini nono mai ɗumi a ƙwarya. Har yau in na rufe ido ina jin warin hayaƙin kara da kashin shanu, ina jin 'yan mata na kiran shanu da sunayensu. A bakin kasuwa aka daina ce mini Ɗan Abijan, aka koma Mai Furoje. Jam'iyyu biyu suka aiko suna so in zama nasu.

Da wata ya ƙare, na ce karɓar farko ba za a yi ta a ɓoye ba. Na gayyaci mai gari, na gayyaci mushe da 'yan ƙarƙashin bedi. Na aro tebur daga lakol, na sa kwat ɗina cikin ranar nan, na ɗauko amalanken Yaya na jibga buhuna a kai, na zazzage su na jera gaban tebur. Yaya ya zo ya tsuguna can gefe. Na aika a gaya wa Ardo lokaci ya yi.

Sai ga su sun taho a jere, Ardo a gaba, tsoho mai ido ɗaya na biye, kowa da fara'a. Na lura kowannensu da buhu a kafaɗa. Na kuma lura buhunan suna kaɗawa a iska. Na ce a raina wataƙila kuɗi suka kawo, buhun na wani abu ne. Ardo ya gaida mai gari, ya gaida jama'a, sannan idonsa ya sauka kan buhunan da na jera.

Ya ce, "Ayya Kaɗo, har da buhuna ka kawo muna? Da ba ka wahala ba, mun taho da namu."

Na ji zufa ta taso daga wuyan kwat ta gangara har ƙugu. Na buɗe baki na ce ai ni za a ba. Ardo ya yi tsammani wasa nake, irin wasan da ke tsakaninmu da su, ya yi dariya ya juya ya fassara wa na baya, su ma suka yi. Da ya ga ni ban yi ba, sai dariyar ta tsaya.

Mai gari ya gyara zama. A shekarun nan ba wanda ke son jin ko ƙaramar hayaniya tsakanin manomi da makiyayi a yankinmu, kowa ya san inda irinta ke kaiwa. Ya ce in faɗa masa daidai abin da na ce a Cadawa, kada in ƙara kada in rage. Na ce cewa na yi za a biya.

"Wa zai biya?"

Na ce, ranka ya daɗe, ai a bayyane yake.

"Ka ce su biya ka?"

Na tsaya ina laluben maganar cikin kaina, daga Cadawa har Sae Sabuwa, ko akwai wuri ɗaya da bakina ya furta "ku biya". Babu. Kasuwa huɗu na ci, goro ya ƙare, keken mutane ya lalace, ban taɓa faɗin wa zai biya wa ba.

Mai gari ya juya ga Ardo. Ardo ya jingina da sandarsa, ya yi magana a hankali, ba fushi. Ya ce tun kakanninsu, in mai gona ya tako da ƙafarsa ya kira ka, ya ce za a biya, ba a tambayar wa. Ya ce sun bar gonakin da suka saba sauka, masu gonakin suna can suna jin haushinsu, saboda maganata. Sannan ya ce wa mai gari, "Barkama, saniya ta zuba mishi taki wata guda, kuma ta biya shi? Ko bayan gida ne na birni?"

Wani daga 'yan ƙarƙashin bedi ne ya fara dariya, ya yi ƙoƙarin mayar da ita tari bai iya ba. Daga nan wuri ya ɓarke. Mushe ya cire tabarau yana share hawaye. Mai gari ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Tsoho mai ido ɗaya, da ba ya jin Hausa sosai, ya matso ya ɗaga mini yatsu biyu don kada in manta nasa biyu ne.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Yaya ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya kama jaki ya juya amalanke ya nufi gida. Na bi shi da gudu, kwat na kaɗawa, ina cewa Yaya tsaya a sasanta, kuskuren fahimta ne. Bai waiwayo ba. Ya ce, "Bakin gidanmu ne ya faɗa." Ya hau ya buɗe rumbu, ya riƙa miƙo dammuna ina karɓa ina lodawa. Matan gida suka tsaya bakin ɗakuna suna kallon abincin bazararsu na fita. Da ma zagina suka yi, da na ji sauƙi. Ni da na zo karɓa, ni na tsaya bayan teburin lakol na raba wa kowa nasa, mai shanu da yawa nasa ya fi yawa, kamar yadda na tsara da bakina.

Washegari Yaya ya je wurin Ardo shi kaɗai, suka zauna kan tabarma kamar yadda iyayensu suka saba. Aka soke maganar duk wata, aka koma ta da. Ardo ya sallami rabin mutanensa suka koma gonakin da suka baro, shi da sauran suka zauna har faɗuwar ruwa.

Bazarar nan mun ji jiki. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, fura ta yi ruwa har kana ganin fuskarka a ciki. Na sayar da rediyo, na shiga ƙwadago a gonakin mutanen da na gama yi wa lacca kan zamani. Abin da ya riƙe yaranmu shi ne nonon da matan rugar ke aikowa kullum ba a roƙa ba, ƙwarya cike, wani lokaci da curin man shanu a ciki. Habsu da matar Ardo suka ƙulla ƙawancen da ya kai su har tsufa. Sunana kuwa ya sake canjawa. Daga Cadawa zuwa Agiye, in na sayi goro na ce a rubuta bashi, sai mai goro ya ce, "Za a biya?" Har yau akwai tsofaffin da ba su san ni da wani suna ba.

Da damina ta zo, gonar nan ta yi geron da ko Baba bai taɓa gani ba. Zangarniya kamar damtsen mutum. Sai da muka gina rumbu na biyu. Yaya bai ce na kyauta ba, bai kuma ce na ɓata ba, ya dai ce in miƙo masa laka. Abin da na koya, in ma na koyi wani abu, shi ne in ka je tambayar mutane ko suna son hajarka kuma kowa ya ce yana so har da godiya, to koma ka sake tambaya, wataƙila kai ne hajar. Kuma kunya tana da kyau a gidan surukai, amma wurin ciniki a faɗi wa zai ba wa.

Yanzu Yaya ya rasu, Ardo ya rasu, burtalin ya tsuke har amalanke biyu ba sa wuce juna. Taki a buhu ake sayen sa. Rijiyar tana nan, allon kuma Habsu ta daɗe da mayar da shi murfin akurki, karen yana kallon kaji.

Akwai dai maganar da ta zauna mini. Ranar da za su tashi, hadari ya haɗu a gabas, mata na kwance bukkoki suna ɗaura wa takarkarai. Na zo sallama. Ardo ya sa na sake ba shi labarin Turawan Abijan da gidajensu masu taya, don yana son labarin. Na ba shi, har da tsohon da ke zuwa da jaka. Ya juya yana duban gonar, ta yi baƙi ƙirin da taki daga wannan shinge zuwa wancan. Ni kuwa sai filin Abijan ya faɗo mini a rai, yadda na gan shi bayan an ja gida na ƙarshe: gwangwanaye, fasassun kwalabe, da tabon baƙin mai inda ko ciyawa ba ta sake fitowa ba.

Ardo ya saɓa sandarsa a kafaɗa, ya ce, "To Kaɗo, su da suke biya, in sun tashi mi suke bar ma mai filin?"